Ijaza: abin da kalmar take nufi, yadda ake nemanta da yadda ake karanta takardar

Watannin baya wani ƙanina ya turo min hoton wata takarda a WhatsApp wajen ƙarfe sha ɗayan dare, takarda ce mai ado an zagaye gefenta da ruwan zinare, ga sunansa ɓaro-ɓaro a tsakiya da Larabci ga hatimi a ƙasa, sai kuma ya biyo da saƙon murya yana cewa "Yaya na samu ijaza fa, yanzu in an yi tambaya a masallacinmu zan iya ba da amsa ko?" Nace a ina ka samo, yace wani zama aka yi ta Zoom da wani shehi daga ƙasashen Larabawa, awa biyu aka karance Arba'una Hadisi, kowa ya cike fom da sunansa, washegari aka turo musu. Yaron nan ko Ishmawi bai sauke ba. Ban yi masa dariya ba, don takardar tasa ba ta bogi bace, ijaza ce ta gaske, shi dai bai san me aka ba shi ba, kuma wallahi irinsa suna da yawa har da masu gemu.

Kalmar Balarabiya ce, daga ajaza, wato ya ba da izini ko ya bari a wuce. Gidansu ɗaya da ja'izi da muke ji a darasin fiƙihu, abin da ya halatta, da kuma jawaz da Larabawa ke kiran fasfo. Malaman lugga na da sun ce asalinta daga ruwa ne, makiyayi ya zo da dabbobinsa wurin mai ruwa ya roƙi a shayar masa, in aka shayar sai ace an yi masa ijaza, to haka ɗalibi yake zuwa wurin malami ya roƙi ya shayar da shi daga abin da yake da shi. Ni wannan fassarar tafi kwanta min, saboda duk wanda ya taɓa ganin Fulani a bakin rijiya da rani ya san ruwan na da mai shi, kuma sai ya ce ɗiba ake ɗiba.

Kafin mu yi nisa, a kula da baki. Ijaza daban, ijaba daban, ita ijaba amsa addu'a ce, shi yasa ake cewa lokacin ijaba. Na sha jin mai sanarwa a lasifika yana cewa za a raba wa ɗalibai ijaba. I'ijazi ma daban, wannan gagarar da Alƙur'ani ya yi wa masu son kawo irinsa ne. Sannan in ka je Saudiyya ko Sudan ko Masar ka shiga ofis kace kana neman ijaza, to hutu za su ɗauka kake nema, don a bakin Balaraben yau ijaza ita ce hutun aiki ko na makaranta, a Siriya da Maroko kuma digirin farko na jami'a ake kira da ita. A Hausa cewa ake an ba shi ijaza, ko ya karɓi ijaza a hannun wane, ba a cewa ya ci ijaza kamar jarrabawa. Tsofaffin malamanmu na zaure ma ba kasafai suke furta kalmar ba, sai dai kaji sun ce Malam ya yi masa izini, shikenan.

Abu na farko da zaka koya shi ne kalmar ba ta tsayawa ita kaɗai. Duk wanda yace maka yana da ijaza, maganarsa ba ta ƙare ba sai ya faɗi a me, daga wa, kuma ta wace hanya. Kamar mutum ne yace maka yana da lasin, toh lasin na babur ko na tirela ko na sayar da magani.

Irin wadda ƙanina ya samu ita ake kira ijazar riwaya, kuma daga wurin malaman hadisi ta fito. Ibn Salah wanda ya rasu a shekara ta 643 bayan hijira ya lissafa hanyoyi 8 da ake ɗaukar hadisi daga malami. Ta farko ka zauna malam ya karanta kana ji, ta biyu kai ka karanta yana ji yana gyara maka, ita ijaza ta uku ce, malam yace na yi maka izini ka ruwaito littafi kaza daga gare ni ko da ba ka ji shi daga bakina ba kuma ba ka karanta min ba. Kaga kenan tun asali sauƙi ce aka yi wa wanda bai samu zama ba. A zamanin da littafi da hannu ake kwafarsa, mutum ya taso daga Andalus ko Timbuktu ya zo hajji yana da 'yan kwanaki a garin malami, ba zai iya zaunar da shi ya karance Buhari ba, sai malam ya duba kwafinsa ko ya ji farkon littafin ya yi masa izini da sauran. Wasu magabata ma ƙin yarda da ita suka yi, suka ce in har ijaza ta halatta to tafiya neman ilimi ta lalace kenan, amma mafi yawa suka karɓa kuma a haka aka tafi. Har jariri ana ba shi, malaman hadisi sun yi maganar a littattafansu, uba ya kai ɗansa na goye wurin tsohon shehi a rubuta sunansa don in ya girma ya zama yana da sanadi gajere, wato jerin malaman da ke tsakaninsa da mai littafin ba su da yawa. To abin da ake ba ɗan goye ai ba zai zama shaidar cewa mutum ya iya fitar da hukunci ba.

Amfaninta shi ne sarƙar, wane daga wane daga wane har zuwa mai littafin, daga shi har zuwa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Abdullahi ɗan Mubarak yace isnadi yana cikin addini, ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Kuma mu ma muna cikin sarƙar nan tun da daɗewa. Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a tafiyarsa ta gabas ya haɗu da Murtala Zabidi a Alƙahira ya karɓi ijaza a hannunsa, Shehu kuma ya karɓa a hannun Malam Jibrilu, shi yasa in ka bi wasu sanadan Sakkwato sai ka ga sun bi ta Masar. Shehu ya tattara sanadansa a rubuce, ƙaninsa Abdullahin Gwandu kuma ya rubuta ɗan littafi guda a kan malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya karanta a gaban kowanne. Mutanen nan ba su wasa da faɗin inda suka samo abu.

In irin wannan kake so ba wahala. Ka samu malamin da ke da sanadi, ka nemi ya fara jiyar da kai hadisin rahama, wanda ke cewa masu jinƙai Mai rahama zai jiƙansu, don al'adar malaman hadisi shi ne farkon abin da ɗalibi ke ji daga bakin malaminsa, sannan ka karanta abin da ya sawwaƙa. Akwai ma 'yan littattafai da aka tara hadisin farko na kowane babban littafin hadisi, a zama ɗaya ake karance su sai malam ya yi izini da sauran. Ka karɓa, albarka ce, ka ajiye. Amma ka san sunanta, ijazar riwaya, in ta game duk abin da malam ya ruwaito ana ce mata amma wato gamammiya, in littafi ɗaya ce hassa.

Wadda ake shan wuya a kanta ita ce ta Alƙur'ani, kuma ita yawancin matasa ke nufi yanzu in sun ce suna neman ijaza. A nan ba zancen na yi maka izini da sauran, sai ka karanta wa malam tun daga Fatiha har Nasi yana ji da kunnensa, harafi bayan harafi.

Ka fara yanke shawarar riwaya. Wanda ya taso a tsangaya ko makarantar allo da Warshu ya taso, riwayar Warshu daga Nafi'u mutumin Madina, ita ce ta kakanninmu kuma ita ce ke cikin Alƙur'anan rubutun hannu da ake sa wa a gafaka. Ɗan Islamiyya kuma Hafsu ya sani, daga Asimu mutumin Kufa, ita ce a bugun Madina da ake rabawa alhazai. A Libiya Ƙaluna suke yi, a wasu sassan Sudan Duri. Ba wadda tafi wata inganci, amma shawarata ka fara da wadda harshenka ya saba da ita. Na ga gardi da ya haddace da Warshu tsaf, ya ga abokai na karɓar ijazar Hafsu ya bi su, ya shekara yana cakuɗa imala da naƙali, ƙa'idojin karatun Warshu, a cikin karatun Hafsu, ƙarshe ya koma ya nemi malamin Warshu ya gama cikin 'yan watanni, daga baya Hafsun ta zo masa da sauƙi.

Kafin ka je ka gyara tajwidi. Yawancin malamai za su tambaye ka Tuhfa da Jazariyya, waƙoƙin nan biyu na ƙa'idojin tajwidi, wasu sai ka kawo su da ka. Mu Hausawa muna da wuraren da muke faɗuwa kuma kusan iri ɗaya ne. Sa mai ɗigo uku muna mai da ita sin, zal da zayun da za mai sanda duk z ɗaya muke yi musu, ainu ta koma hamza, ha ƙarama da babba su haɗe, fa kuma ta fito da leɓe biyu kamar yadda muke faɗin fura. Babbar ita ce ladi, wadda tsohon karatunmu ya mai da ita l, shi yasa muke cewa alwala da lalura da alƙali da Ramalana. Ni a kan kalmar ƙarshe ta Fatiha na yi sati uku. Malamina, Allah ya jiƙansa, ba ya magana in ka yi kuskure, carbi ne a hannunsa sai dai kaji ya ɗan buga shi a kan buzun da yake zaune, kas, sai ka koma baya ka nemo inda ka ɓata da kanka, in ka maimaita sau uku ba ka gano ba sannan ya ɗago kai ya furta kalmar sau ɗaya ya mai da kai ƙasa. Ranar nan na buga ta yafi sau ashirin, sai ya ce in matso, ya buɗe baki ya nuna min gefen harshensa inda yake taɓa turamen haƙora na sama, yace je ka gida ka yi ta yi a gaban madubi, kada ka dawo sai Asabar. Na fita ina jin kamar in yi kuka, a lokacin ina limancin tarawihi a unguwa, mutane suna yaba muryata.

Wajen zaɓen malami kada kunya ta hana ka tambaya, amma ka san yadda ake tambayar. Ba zaka tsaya a kansa kace nuna min takardarka ba. Ka je ka gaishe shi ka zauna a ƙasa, in ka samu wanda ya san shi ya raka ka yafi, kace Allah gafarta Malam ina sha'awar in yi karatu a gabanku ne, a wurin wa Malam ya ɗauki riwayar nan don in san silsilar da zan shiga. Malamin ƙwarai daɗin tambayar yake ji, zai ma fara ba ka labarin malaminsa har ka gaji. Wanda ya ɓata rai ko ya kama kame-kame, ka yi masa sallama cikin ladabi ka nemi wani.

Sai lissafin lokaci, don nan ne mutane ke yaudarar kansu. Alƙur'ani izu 60 ne. In malam yana jin rubu'i ɗaya a kowane zama, zama 240 kenan, in kuna haɗuwa sau uku a sati ka kama sati 80, shekara ɗaya da rabi da ɗoriya, ba a sa ranar da Malam ya tafi jana'iza ko ɗaurin aure ba, ba a sa azumi da yake tafsiri ba, ba a sa ranar da kai ka zo ba ka shirya ba ya kore ka. In sumuni yake ji to ninka. Wanda karatunsa ya riga ya nuna zai iya kawo izu guda a zama ya gama cikin wata biyu zuwa uku in kusan kullum suke haɗuwa, amma wannan gwani ne dama. Duk wanda yace zai ba ka ijazar Alƙur'ani cikakkiya a sati ɗaya kai da ba a taɓa gyara maka karatu ba, takarda yake sayarwa.

Ka kuma tambaya tun farko da ka zaka karanta ko da duba. Asali da ka ne, wasu malaman ba su ba da ita sai ga mahaddaci, wasu kuma suna bayarwa ga wanda ya karanta yana kallon Mus'hafi amma su rubuta hakan a takardar. Haka karatu ta waya, malamai sun saɓa a kai, akwai masu karɓa akwai masu cewa sai an ga baki da baki, kuma ko masu karɓar suna so a rubuta cewa ta waya aka yi. Ga matsalar sabis, kana tsakiyar madda murya ta yanke, Malam bai ji inda ka gajarta ba ya ɗauka daidai ne. In ba yadda zaka yi, musamman mata da ke gidan aure ko wanda ke garin da ba mai sanadi, to a yi, amma ka sa data mai kyau kuma ka yi ƙoƙari ko sau ɗaya ka je ƙafa da ƙafa ya ji ka.

Maganar kuɗi. Imamu Suyuɗi wanda ya rasu a 911 bayan hijira ya faɗi abu biyu a littafinsa na ilimin Alƙur'ani da ya kamata kowa ya riƙe. Na ɗaya, malami ya riƙe ijaza yace sai an biya shi kafin ya bayar bai halatta ba, in ya san ɗalibi ya cancanta dole ya ba shi, in bai cancanta ba kuɗi ba za su sa ya cancanta ba. Na biyu, ita kanta ijazar ba sharaɗi bace kafin mutum ya karantar, wanda ya san ya iya zai iya karantarwa ko ba wanda ya rubuta masa komai, an dai mai da ita al'ada ne don ɗalibi sabon shiga ba ya iya bambance gwani da ɗan koyo sai da shaida. Wannan bai hana ka kyautata wa malaminka ba, mutum ya ba ka awa ɗaya sau uku a sati shekara biyu, ai ko kuɗin Laraba ka san ana kaiwa tun muna yara. In cibiya ce mai albashin malamai da kuɗin wata, wannan ladan zama ne. Abin gudu shi ne a ce maka ga farashin Hafsu ga farashin ƙira'a bakwai, turo ta banki a turo maka a PDF.

Wannan magana ta biyu ta Suyuɗi ina son 'yan zamani su ji ta da kyau, don na fara ganin yara masu takarda a firem suna raina alarammomi. Tsangaya tana da nata tsani, daga kolo zuwa titibiri zuwa gardi zuwa alaramma zuwa gwani har gangaran, kuma ba a hawa da takarda, sai mutum ya zauna a darasu cikin gwanaye an ja aya ya faɗi sau nawa kalma kaza ta zo da inda ta zo, sai ya rubuta Alƙur'ani da ka an bi an duba ba a samu gyara ba. Wannan ma shaida ce, ta jama'ar da suka san abin. Gwanin da ya je ya ƙara da ijaza ya gyara makhraji ya haɗa biyu, kai kuma mai ijazar Hafsu da duba, in ka shiga gabansa ka cire takalmi ka zauna.

Ranar sauka malam yakan tara 'yan shaidu, ka karanta daga Duha ko 'yan surorin ƙarshe, a yi addu'a, sannan a ba ka takardar. Kada ka kai ta leminatin kafin ka zauna ka karanta ta layi-layi, in Larabcinka bai kai ba ka sa a karanta maka. Ka duba sunanka da na mahaifinka an rubuta daidai, don na san wanda aka rubuta masa sunan wansa. Ka duba an faɗi abin da ka karanta, duka ne ko wani sashe, da ka ko da duba, wace riwaya kuma ta wace hanya, yawanci zaka ga an ce ta hanyar Shaɗibiyya, waƙen Imamu Shaɗibi a kan ƙira'a bakwai. Ka duba lafazin izinin, ya karanta kuma ya karantar, don wannan kalma ta biyun ita ce ke ba ka damar kai ma ka ba wani. Sai sanadin, sunaye ne jere daga malaminka har zuwa mai riwayar, zuwa sahabbai irin su Ubayyu ɗan Ka'abu da Zaidu ɗan Sabitu, zuwa Annabi, daga Jibrilu, daga Ubangiji. A zamaninmu zaka ƙirga mutum wajen talatin, kuma kusan duk sanadin da zaka gani sai ya bi ta kan Ibnul Jazari wanda ya rasu a 833. In ka ga sunaye goma sha biyar kacal to an tsallake wasu, a koma a duba. Akwai masu yawon neman sanadi mafi gajarta, su bar malamin da zai gyara musu baki su tafi wurin tsohon da ba ya ji sosai don kawai sunayensa sun ragu da biyu, ni dai ban ga riba a nan ba in karatun bai gyaru ba. A ƙarshe akwai wasiyya da tsoron Allah da roƙon kada ka manta da malam a addu'a, sai kwanan wata da sa hannu da shaidu.

A ɗariƙa kuma kalmar tana da wani aikin. Wanda aka laƙƙana wa wuridi an yi masa izinin ya yi ne shi kaɗai, a Tijjaniyya lazimi safe da yamma da wazifa da zikirin Juma'a. Wanda aka ba izinin ya ba wasu shi ne muƙaddami, takardarsa ma ijaza ake ce mata, kuma ita ma hawa-hawa ce, akwai mai iyaka wadda aka ce ka ba da wuridi kawai ko ka naɗa muƙaddamai adadi kaza, akwai sakakkiya wadda ba a sa mata iyaka ba. Alhaji Umarul Futi a Hijaz ya karɓi tasa a hannun Muhammadul Gali, almajirin Shehu Ahmadu Tijjani, kafin ya biyo ta Borno ya zauna Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Bello. Silsilar mafi yawan muƙaddaman Kano na yau kuma ta Kaulaha take bi, wurin Shehu Ibrahim Inyass. A Ƙadiriyya ma haka ne, da yawa tasu ta gidan Shehu Nasiru Kabara ta fito. Ko kana ɗariƙa ko ba ka yi, abin lura a nan ɗaya ne, muƙaddami izinin wuridi ke hannunsa, zai iya zama babban malamin fiƙihu kuma zai iya zama ɗan kasuwa mai riƙo da zikiri wanda bai taɓa buɗe Risala ba, rabon gado ba a kai masa don yana muƙaddami.

Naɗi kuma wani abu ne daban duk da mutane na haɗa su. Naɗi daga naɗa rawani ne, muƙami ake ba mutum, sarki ko hakimi ya naɗa limamin Juma'a a sa masa alkyabba, ko kwamitin masallaci su zaɓi liman da na'ibi. Wanda ya naɗa yana iya tuɓewa, kujerar ta koma hannun wani. 'Yan uwanmu Kiristoci Hausawa ma wannan kalmar suke amfani da ita, an naɗa wane fasto, manya su ɗora masa hannu a yi addu'a a gaban jama'a. Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi wani abu da ya haɗa biyun, matan da ta koyar ta tura ƙauyuka su koyar da 'yan taru, kowacce ana ce mata jaji, takan ba ta malfa a naɗa mata jan ƙyalle a kai, duk garin da ta shiga an san da izinin wa ta zo.

Izinin da ƙanina yake nema kuwa, na a tambaye shi ya ba da amsa, ba ya zuwa a zama ɗaya. Imamu Malik yace bai fara fatawa ba sai da malamai saba'in suka shaida ya cancanta. A zaurukanmu yadda abin ke faruwa shi ne ka bi littattafan nan ɗaya bayan ɗaya, Ƙawa'idi, Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, Askari har Muhtasar, ga nahawu ga lugga a gefe, shekaru suna tafiya, wata rana da safe Malam ya gaji ko baƙi sun zo sai yace wane ɗan biya wa masu Ahalarin nan, ka biya yana jin ka ta gefen kunne yana hira da baƙinsa, in ka karkace ya gyara ba tare da ya juyo ba. Bayan wani lokaci ya bar maka masu Iziyya. Wata rana mace ta aiko da tambayar jini ko wani ya zo da ta rafkanuwa a sallah yace ku tambayi wane. Ran da zaka koma garinku ya kama hannunka ya yi addu'a yace je ka ka buɗe zaure, abin da ka sani ka faɗa wanda ba ka sani ba ka aiko. Da yawa daga manyan malaman da muke ji da su iyakar abin da aka yi musu kenan, ba hatimi ba ruwan zinare.

Na ce wa ƙanin nawa in zai rubuta a shafinsa ya rubuta yadda abin yake, yana da ijazar riwayar Arba'una daga shehi wane, ya ji ta ta intanet a rana kaza, kuma ya cire "Ash-Shaikh" ɗin da ya riga ya liƙa a gaban sunansa tun daren. Ya ɗan yi fushi kwana biyu ba ya ɗaga wayata. Yanzu dai yana zuwa wurin wani tsoho a bayan kasuwar unguwarsu bayan sallar asuba, sun kai babin taimama a Ishmawi, jiya ma ya kira ni yana tambaya ko ina da tsohon kwafina na Iziyya in ajiye masa.